Mace a kan sirdi: Me ya tare wa mata hanya a gasar dawaki, kuma yaya Lis Hartel ta shiga?

Shin gasar hawan doki aikin maza ce tun asali, ko kuwa dokoki da al'adun masu iko da dawakin ne suka mayar da ita haka? Wannan tambaya takan taso a Bauchi kusan duk bayan sallah, musamman idan hoton wata yarinya a kan doki ya zagaya a Facebook ko TikTok, inda wasu kan yaba mata, wasu kuma su ce an zo da baƙon abu. Galibin masu muhawarar sukan haɗa abubuwa daban-daban wuri guda, su cakuɗa hawan sarauta da gasar wasanni, su kuma ɗauka cewa a ƙasashen Turawa ƙofar a buɗe take tun fil azal. Tarihi bai nuna haka ba. Shekaru fiye da 70 da suka wuce, mace ba ta da izinin shiga gasar dawaki ta Olamfik, kuma ɗaya daga cikin matan farko da suka shiga, wato Lis Hartel ta ƙasar Danmak, ta shiga ne da ƙafafun da shan inna ya shanye daga gwiwa zuwa ƙasa. Rayuwarta ta isa a yi nazarinta, domin tana nuna ainihin inda shingen yake.

Hawa iri-iri ne

Hawan da mutanen Bauchi da Gombe suka fi sani shi ne hawan sallah, inda hakimai da masu sarauta da jama'arsu suke fitowa cikin ado su yi wa Sarki jahi. Wannan hawa ba gasa ba ne, domin babu alƙali mai ba da maki, kuma tsarinsa yana bin muƙami da gidajen sarauta. Akwai kuma kilisa, wadda mai doki ko yaronsa kan fita da yamma domin motsa dabbar. Gasa kuwa ita ce inda ake da rubutacciyar doka, da alƙalai, da rajista, da kyauta ga wanda ya yi nasara. A nan ƙasar an fi sanin sukuwa da ƙwallon doki, wato folo.

A Olamfik gasa uku ake yi. Ta farko ita ce sarrafa doki, inda mahayi ke shiga fili mai tsawon mita 60 da faɗin mita 20, ya sa dokinsa ya yi wasu takamaiman taku da juyi a jere, alƙalai suna ba da maki gwargwadon yadda dokin ya bi umarni cikin natsuwa ba tare da an ga mahayin yana kokawa da shi ba. Ta biyu ita ce tsallake shinge. Ta uku kuma haɗaka ce ta waɗannan biyun da gudu a cikin daji ana tsallake ramuka da ruwa da gungume, kuma ita ce mafi haɗari. Abin da ya bambanta waɗannan gasa da yawancin wasannin Olamfik a yau shi ne maza da mata suna karawa da juna kai tsaye a kan lambar yabo ɗaya.

Dokar da ta rufe ƙofar

Gasar dawaki ta zauna da gindinta a Olamfik daga 1912, kuma waɗanda suka tsara ta sojoji ne na rundunar mahaya. Sarrafa doki da gasar haɗaka duk sun samo asali ne daga horon da ake ba dokin yaƙi, saboda haka dokar sarrafa doki ta keɓe gasar ga hafsoshin soja. Tun da a wancan zamani mace ba ta zama hafsa a rundunar mahaya, dokar ta fitar da mata baki ɗaya ba tare da ta sha wahalar kawo wata hujja ba.

Abin lura shi ne dokar ba mata kaɗai ta hana ba, har da mazan da ba su da muƙami. A gasar Landan ta 1948 tawagar Suwidin ta ci lambar zinare a sarrafa doki, amma a shekarar da ta biyo baya aka ƙwace lambar aka ba Faransa, saboda an gano cewa ɗaya daga cikin mahayan, Gehnäll Persson, ƙaramin soja ne da aka yi wa ƙarin girma na wucin gadi domin ya samu shiga. Babu wanda ya ce bai iya hawa ba. Laifinsa kawai shi ne bai kai hafsa ba. Wannan abin kunya yana cikin abubuwan da suka sa hukumar wasannin dawaki ta duniya, wadda aka kafa a 1921, ta sassauta dokar kafin gasar 1952, aka buɗe ƙofa ga ƙananan sojoji da farar hula, aka kuma bar mata su shiga sarrafa doki kaɗai. Persson ya dawo a 1952 ya ci zinaren tare da tawagarsa.

Mai karatu a Bauchi zai gane wannan tsari ba tare da dogon bayani ba, domin a nan ma doki ya shigo rayuwar jama'a ne ta ƙofar yaƙi da sarauta. Malam Yakubu da ya kafa Bauchi da Buba Yero da ya kafa Gombe da dawaki suka yi yaƙoƙinsu, kuma sarautu irin su Madaki da Barde da Shamaki duk daga harkar doki da yaƙi suka fito. Inda doki ya zama alamar muƙami, tambayar wanda zai hau takan koma tambayar matsayi, kuma mata da talakawa sukan tsinci kansu a waje guda.

Wace ce Lis Hartel?

An haife ta a watan Maris na 1921 a Hellerup, kusa da birnin Kofanhagan. Mahaifiyarta ce ta fara koya mata hawa tun tana yarinya, kuma a 1943 da 1944 ta zama zakarar ƙasar Danmak a gasar sarrafa doki. Wannan kaɗai ya nuna cewa a cikin gida mata suna karawa kuma suna cin nasara tun kafin Olamfik ta yarda da su.

A 1944, tana da shekara 23 kuma tana ɗauke da juna biyu, cutar shan inna ta kama ta. A lokacin babu allurar rigakafi, domin sai a tsakiyar shekarun 1950 aka fara amfani da ita. Cutar ta taɓa kusan dukkan jikinta, har da hannuwa. Ta haifi 'yarta lafiya, sannan ta shiga aikin farfaɗo da gaɓoɓinta sannu a hankali, daga ɗaga hannu zuwa rarrafe, daga rarrafe zuwa tafiya da sanduna. Likitoci ba su ba ta shawarar komawa kan doki ba, amma ta koma. Ƙafafunta daga gwiwa zuwa ƙasa ba su taɓa dawowa ba har ƙarshen rayuwarta, kuma duk lokacin da za ta hau ko za ta sauka sai an ɗauke ta.

Domin a fahimci girman abin da ta yi, dole a san yadda mahayi yake magana da doki. Duk wanda ya taɓa kallon yadda ake koya wa doki taƙama ya san cewa rabin aikin yana ga dunduniya da ƙauri: a matsa nan ya juya, a taɓa can ya ɗaga ƙafa, a sa ƙaimi ya ƙara azama. A gasar sarrafa doki wannan magana ta ƙafa ita ce ginshiƙi, kuma ita ce Lis Hartel ta rasa. Sai ta koma dogaro da nauyin jikinta, da yadda take zama a sirdi, da cinyoyinta, da ɗan motsin linzami, ta horar da goɗiyarta mai suna Jubilee har ta riƙa fahimtar ƙaramin sauyin zama a matsayin umarni. Wannan aiki ne na shekaru da ke bukatar dabba mai haƙuri da mahayi mai lura, kuma daga baya ta yi shi tare da wani ƙwararren mai horarwa, Gunnar Andersen. A 1947, shekara uku kacal bayan ciwon, ta zo ta biyu a gasar ƙasashen yankinsu na arewacin Turai.

Helsinki, 1952

Mata huɗu ne suka shiga gasar sarrafa doki ta Olamfik a Helsinki, babban birnin ƙasar Finland, daga Danmak da Nowe da Jamus da Amurka. Henri Saint Cyr, hafsan sojan Suwidin, ya zo na ɗaya, Lis Hartel ta zo ta biyu, André Jousseaume na Faransa ya zo na uku. Da haka ta zama mace ta farko da ta ci lambar yabo ta ƙashin kanta a gasar dawaki ta Olamfik, kuma ta ci ne a gaban hafsoshin da aka tsara gasar dominsu. A gasar tawaga kuma Ida von Nagel ta samu tagulla tare da Jamus. Abin da 'yan kallo suka fi tunawa shi ne lokacin ba da lambobi, inda Saint Cyr da kansa ya je ya taimaka wa Hartel ta sauka daga doki, ya kai ta dandalin karɓar kyauta. Da yawa daga cikin mutanen da ke filin sai a lokacin suka gane cewa matar da ta zo ta biyu ba ta iya tafiya ba tare da taimako ba.

An fi yawan ba da labarin wannan ɗauka saboda yana taɓa zuciya, amma a ganina abin da ya faru bayan shekara huɗu ya fi shi nauyi a matsayin hujja. A 1956 an yi Olamfik a Melbon ta ƙasar Ostireliya, sai dai tsauraran dokokin killace dabbobi na ƙasar suka sa aka kai gasar dawaki birnin Sitokholm. A can Saint Cyr ya sake zuwa na ɗaya, Hartel da Jubilee suka sake zuwa na biyu, sannan wata mace, Liselott Linsenhoff ta Jamus, ta zo ta uku. Tawagar Jamus da ta ci azurfa a wannan gasa kuwa mata uku ce zalla. Nasara ɗaya ana iya cewa sa'a ce ko tausayin alƙalai, amma cikin shekara huɗu da buɗe ƙofa mata sun ɗauki biyu daga cikin lambobi uku na ɗaiɗaiku, abin da ke nuna cewa ƙwararrun suna nan tun tuni, izini kawai suke jira.

Duk da haka ba a buɗe sauran ƙofofin lokaci guda ba. Sai a 1956 aka bar mata su shiga tsallake shinge, inda Pat Smythe ta ci tagulla tare da tawagar Birtaniya. Gasar haɗaka kuma sai a Tokiyo a 1964 aka ga mace ta farko a cikinta, Lana du Pont ta Amurka, wadda tawagarta ta ci azurfa. A 1972 a Munik, Linsenhoff ta zama mace ta farko da ta ci zinaren ɗaiɗaiku. Hartel ta ci gaba da lashe gasar ƙasarta har zuwa 1959, ta kuma ba da ragowar rayuwarta ga tallafa wa masu shan inna da yaɗa amfani da hawan doki wajen gyaran gaɓoɓin masu naƙasa. Ta rasu a watan Fabrairu na 2009.

Me ya sa sukuwa ta fi taurin kai?

A fagen sukuwa al'amarin ya fi muni, kuma dalilin bai wuce kuɗi ba. Mahayin Olamfik na wancan zamani lambar yabo yake nema, amma ɗan sukuwa abincinsa yake nema, domin ana biyansa a kan kowane hawa, yana kuma samun kaso daga kyautar da dokin ya ci. Duk sabon mahayi da ya shigo yana rage wa wani samu.

A Ingila, Florence Nagle ta shafe shekaru tana horar da dawakin tsere, amma hukumar da ke kula da tseren ta ƙi ba mace lasisi, saboda haka ana rubuta sunan babban yaron bargarta a matsayin mai horarwa. Sai da ta kai ƙara kotu, aka ba ta lasisi a 1966 tana da shekara fiye da 70. A Amurka, Kathy Kusner, wadda ta riga ta wakilci ƙasarta a Olamfik, ta nemi lasisin sukuwa a jihar Merilan aka hana ta bisa zargin cewa ba ta da ƙarfin riƙe dokin tsere. Ta je kotu ta yi nasara a 1968, amma kafin ta fara sai ta karye a ƙafa a wata gasa. A wannan shekarar Penny Ann Early ta samu lasisi, sai mahaya maza suka ƙaurace wa duk tseren da aka sa sunanta a ciki. Diane Crump ce ta fara samun hawa a babban filin tsere, ranar 7 ga Fabrairu, 1969, a Hialeah ta jihar Fulorida, kuma sai da jami'an tsaro suka yi mata rakiya ta ratsa taron jama'a masu yi mata ihu. Ba ta yi nasara a ranar ba. Bayan mako biyu Barbara Jo Rubin ta ci tsere a Charles Town, kuma a 1970 Crump ta zama mace ta farko da ta hau a babban tseren Kentaki, inda ta zo ta 15 cikin dawaki 17.

Daga samun lasisi zuwa cin manyan tsere an ɗauki lokaci mai tsawo. Julie Krone ta ci babban tseren Belmont na Amurka a 1993, Michelle Payne ta ci Kofin Melbon a 2015, Rachael Blackmore kuma ta ci babban tseren tsallake shinge na Ingila a 2021, shekara 44 bayan Charlotte Brew ta zama mace ta farko da ta shige shi a 1977. Dalilin wannan jinkiri shi ne kotu tana iya tilasta wa hukuma ta ba da lasisi, amma ba ta iya tilasta wa mai doki ya ɗora mace a kan dokinsa mafi gudu. Mahayiyar da kullum ake ba ta ragowar dawaki ba za ta ci tsere ba, sannan a dawo a kafa hujja da rashin cin nata. Faransa ta gane wannan matsala, shi ya sa a 2017 ta rage kilo 2 daga nauyin da dokin da mace ta hau zai ɗauka a yawancin tsere, domin masu dawaki su samu dalilin ɗaukar mata. Wasu fitattun mahaya mata ba su ji daɗin matakin ba, suna ganin tamkar amincewa ce da cewa mace ba ta kai namiji ba.

Hujjojin ɓangarorin

Masu adawa, a can da nan, sukan kawo hujja uku. Ta farko ita ce ƙarfi, kuma ita ce mafi rauni, domin dokin gasa yakan kai kilo 500, babu ɗan Adam da zai rinjaye shi da ƙarfin damtse. Matar da ba ta iya motsa ƙaurinta ta zo ta biyu a duniya sau biyu. Ta biyu ita ce haɗari, kuma gaskiya ce, domin faɗuwa daga doki mai gudu tana karya ƙashi, tana kuma kashewa. Sai dai haɗarin bai san jinsi ba, kuma maganinsa hular kwano da horo da gyaran fili ne. Abin takaici ne yadda ake ganin yara maza ƙanana suna sukuwa a garuruwanmu babu komai a kansu, ba a kuma ji masu kafa hujja da haɗari suna ɗaga murya a kan haka.

Hujja ta uku ita ce ta kunya da addini, kuma ita ce mai nauyi a wajen mutanen Bauchi da Gombe, don haka ba daidai ba ne a yi watsi da ita kamar sauran biyun. Idan aka saurari masu kawo ta da kyau, za a ga cewa mafi yawansu ba hawan kansa suke ƙi ba, domin kowa ya san matan Larabawa sun hau raƙuma tun zamanin Sahabbai, kuma labarin Sarauniya Amina ta Zazzau a kan doki abin alfahari ne a ƙasar Hausa. Abin da ke damunsu shi ne sutura, da cakuɗuwa da maza, da fitowar budurwa gaban taron 'yan kallo. Waɗannan tambayoyi ne na tsari, ana iya amsa su da tufafin hawa masu rufe jiki, da keɓe lokacin horo, da samar da mata masu koyarwa. Hukuncin abin da ya halatta na malamai ne da iyaye, amma ya kamata a kai musu tambayar yadda take, kada a lulluɓe ta da batun ƙarfi. Haka kuma masu goyon baya suna kuskure idan suka ɗauka cewa shiga gasa yana nufin sauya tsarin hawan sallah, domin wannan al'amari ne na masarauta da ke da nasa ƙa'idojin.

Me hakan ke nufi ga talaka?

Gaskiyar da ba a cika faɗa ba ita ce Lis Hartel tana da abin da yawancin 'yan mata ba su da shi: uwa mahayiya, da gida mai iya riƙe doki, da mai horarwa. Kusan dukkan matan da suka yi fice a wannan fage haka suke, kuma a Najeriya ma 'yan matan da suka shiga folo, irin su Neku Atawodi, sun taso ne kusa da kulob ɗin da ke da dawaki da fili. A Bauchi, riƙe doki ɗaya yana nufin dusa da harawa da hatsi da kanwa a kullum, da maganin dabba, da ladan mai kula da barga, ban da sirdi da linzami da likkafa. Ɗan talaka namiji yakan samu hanyar shiga ta zama yaron doki a gidan mai hali, yana share barga yana fita kilisa har ya goge. Wannan hanya a rufe take ga 'ya mace, saboda haka ko da babu wata doka da ta hana ta, ba za ta kai ga sirdi ba sai idan mahaifinta ko yayanta yana da doki kuma ya yarda. Idan ana son a ga sauyi, masu dawaki da shugabannin kulob-kulob ne za su kawo shi, ta hanyar ware dawakin koyo da ranakun horo.

Akwai kuma wani ɓangare na gadon Hartel da ya fi kusa da mu fiye da lambobin yabo. An tabbatar da kawar da ƙwayar shan inna ta daji daga Najeriya da nahiyar Afirka a watan Agusta na 2020, amma waɗanda cutar ta riga ta shanye wa ƙafafu suna nan da yawa a garuruwan arewa. Nasarar da ta samu a Helsinki ta ƙarfafa kafa cibiyoyin hawan doki domin masu naƙasa a Turai. A Birtaniya an kafa ƙungiya ta ƙasa domin wannan aiki a 1969, kuma a 1996 a Atlanta aka shigar da sarrafa doki cikin gasar Olamfik ta masu naƙasa. Tafiyar doki a hankali tana motsa ƙugu da bayan mahayi, tana kuma koya wa jiki daidaita zama, shi ya sa masu gashin ƙashi a asibitocin wasu ƙasashe suke amfani da ita. Irin wannan shiri yana bukatar doki mai sanyin hali, da mutum biyu ko uku masu riƙewa, da ma'aikacin lafiya da zai tantance wanda ya dace ya hau, kuma yawancin dawakin da ake ƙawatawa ranar sallah a Bauchi da Gombe suna shafe sauran watannin shekara ne a ɗaure a turke.